Wace kyamara zan fara saye da ɗan kuɗin da ke hannuna?

Tambaya: Na daɗe ina ɗaukar hoto da waya, yanzu ina so in sayi kyamara ta farko in koyi aikin sosai, in riƙa ɗaukar hotunan suna da biki da na kayan sayarwa. Kuɗina ba su da yawa. A shago an nuna min wata sabuwa dal mai zum sau 40, an kuma nuna min tsohuwar Canon ta hannu wadda ake cire mata lens, farashinsu kusan ɗaya. Wacce zan ɗauka, kuma me zan duba kafin in biya?

Amsa: Malam, ɗauki Canon ɗin ta hannu, matuƙar ta haye gwajin da za mu zo kansa a ƙasa. Kuma kada ka zube dukkan kuɗinka a kanta, domin kyamara ita kaɗai rabin kayan aiki ce.

Dalilin yana can ciki, inda ido ba ya gani a shago. A bayan lens akwai wani ɗan allo mai karɓar haske, shi ake kira sensa, kuma girmansa ne ke yanke yawancin kyan hoto. Kyamarorin nan masu dogon zum da ba a cire musu lens, irin su Nikon Coolpix B500 ko Sony H300 ko Canon SX430, sensarsu ba ta wuce milimita 6.2 a tsawo da 4.6 a faɗi ba, ƙaramin farcenka ya fi ta girma. Ta Canon da Nikon masu sauya lens, wadda ake kira APS-C, ta kai milimita 22.3 da 14.9 a Canon, 23.5 da 15.6 a Nikon. Filinta ya ninka na waccan sau 12 zuwa 13. Kamar mutum biyu ne suka fita tarar ruwan sama, ɗaya da kofin shayi, ɗaya da daro. Da rana tsaka a fili duk biyun za su ba ka hoto mai kyau. Amma suna da biki a ɗaki ake yi, ko a rumfa, ko bayan magariba, kuma a nan ne ƙaramar sensa ke gazawa: fuska ta cika da yashi-yashi, launi ya dusashe, wanda ya ɗan motsa ya fito dishi-dishi. Wayar zamani mai ɗan tsada ma takan fi irin wannan kyamarar kyan hoto da daddare. Zum sau 40 yana da amfani ga mai ɗaukar tsuntsu a kan bishiya da rana, ba ga mai ɗaukar amarya a falo ba.

Haka nan kada lambar megafiksel, wato yawan miliyoyin ɗigon da ke haɗa hoto, ta ruɗe ka. Hoton da za a wanke mai inci 5 da 7 megafiksel 3 da ɗoriya yake buƙata, na inci 8 da 10 kuma 7 da ɗoriya. Duk kyamarar da ta kai 16 ko 18 ta wadatar da kai har ka yi firem babba na bango. Akwai kuma wasu ƙananan kyamarori marasa sanannen suna da ake tallarsu a intanet da rubutun 4K da megafiksel 48 ko 64 a kan kwali, da araha ƙwarai. Ka guje su. Sensarsu irin ta ƙaramar waya ce, manhaja ce kawai ke kumbura hoton har ya kai lambar da aka rubuta.

To wace iri? Masu sauya lens kashi biyu ne: DSLR, mai madubi a ciki wanda ke turo hoto zuwa tagar leƙe, da kuma marar madubi. Yawancin kamfanoni sun karkata ga marar madubi, Canon R50 da R100 na 2023 duk haka suke. Wannan sauyin ne ya sa DSLR ta hannu ta yi yawa a kasuwa ta kuma sauko, ita da lens ɗinta, kuma nan ne ribar mai ƙaramin ƙarfi take. Ga batun batir kuma, wanda ba ƙaramin abu ba ne a inda wuta ba ta tsayawa: bisa ƙiyasin kamfani, Nikon D3300 tana yin hoto 700 da caji ɗaya, D3500 tana yin 1,550, Sony a6000 marar madubi kuwa wajen 360.

A ɓangaren Canon, waɗanda suka fi dacewa da kai su ne 600D ta 2011 da 700D ta 2013, duka megafiksel 18, ko 750D ta 2015 mai 24 in kuɗin ya kai. Suna da sikirin mai juyawa, da wurin sa makirfo, da na'urar kakkaɓe ƙura daga sensa duk lokacin da aka kunna ko aka kashe. Ka lura da suna, don kyamara ɗaya takan zo da suna uku gwargwadon ƙasar da aka fara sayar da ita: 600D ita ce Rebel T3i a Amurka, Kiss X5 a Japan, 700D ita ce T5i. Abu ɗaya ne, kada a ƙara maka kuɗi saboda suna. A ɓangaren Nikon, D3300 ta 2014 da D5300 ta 2013, duka megafiksel 24, sensarsu ta fi ta Canon mai 18 jure ƙarancin haske da riƙe bayani a cikin inuwa. D5300 ta ƙara da sikirin mai juyawa da Wi-Fi na tura hoto waya.

Wani abu da ke ba mutane mamaki shi ne sabuwa ba lallai ta fi tsohuwa ba. Canon 2000D da 4000D na 2018 ne, sun girmi 700D a lamba sun kuma fi ta ƙuruciya, amma an rage musu kaya don a sauke farashi. Ba su da wurin makirfo, ba su da mai kakkaɓe ƙura, sikirinsu ba ya juyawa. Mafi muni ga mai aikin biki, da yawansu an cire musu ɗigon ƙarfen nan na tsakiya a mazaunin filasha, shi ya sa filasha mai araha ta wasu kamfanoni ba ta tashi a kansu. Ka leƙa mazaunin da idonka: in babu babban ɗigon tsakiya, ka san da wannan matsalar. Haka Nikon D3400 da D3500, hotonsu ba laifi ko kaɗan, batirinsu ma ya fi, amma an cire musu wurin makirfo da mai kakkaɓe ƙura waɗanda D3300 ke da su. A ƙasar da ƙurar hunturu ke shiga har cikin akwati, wannan ragin ba ƙarami ba ne.

Idan bidiyo ne zai fi yawa a aikinka, lissafin ya ɗan sauya. Waɗancan da na lissafa suna da nawa wajen bin fuska da fokos a bidiyo, za ka ga lens yana kai da komo yana lalube. Canon 200D da 800D na 2017 sun gyara wannan sosai. Canon M50 ma tana yi, sai dai kamfanin ya daina layin M gaba ɗaya, lens ɗinta kaɗan ne kuma ba sa hawa sababbin R. Sony a6000 tana da saurin fokos, ana kuma cajinta da USB daga fawa banki, amma ba ta da ramin makirfo na yau da kullum, lens ɗinta sun fi tsada a kasuwar hannu, kuma wadda aka yi don kasuwar Japan menu ɗinta da Japananci kaɗai yake, ba ya sauyuwa. Sannan ka sani kusan dukkansu ba sa wuce minti 29 da daƙiƙa 59 a ɗauka ɗaya, 600D ma takan tsaya a wajen minti 12 idan fayil ya kai gigabait 4. Ba su dace da ɗaukar wa'azi ko lacca ta awa biyu a jere ba.

Tsakanin Canon da Nikon kada ka ɓata lokaci da gardama. Duba wadda masu hoto na garinku suka fi riƙewa, ka bi su. Ranar da batir ya mutu maka a tsakiyar biki, ko kake son aron lens, ko kake neman mai gyara, a ranar za ka gane amfanin wannan shawarar.

Yanzu lens, inda ya kamata hankalinka ya fi tsayawa. Yawancin waɗannan kyamarori suna zuwa da 18-55mm. Ka karɓe shi, yana da amfani wajen hoton taro da na ɗaki, amma ka nemi mai rage rawar hannu: a Canon za ka ga an rubuta IS, a Nikon VR. Na Canon mai alamar III ba shi da IS. Rauninsa shi ne ƙofar haskensa ƙarama ce, f/3.5 a 18mm, tana tsukewa zuwa f/5.6 idan ka ja zum zuwa 55mm. Lambar f kuwa a juye take, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Shi ya sa lens na biyu da za ka saya ya zama marar zum mai f/1.8. Tsakanin f/5.6 da f/1.8 hasken da ke shiga ya ninka kusan sau goma, kuma shi ne ke narkar da bayan mutum fuskarsa ta fito fes, irin hoton da ke sa a ce wannan ƙwararre ne ya ɗauka. A Canon, EF 50mm f/1.8 STM shi ne mafi araha kuma mai kyau. A Nikon akwai AF-S 35mm f/1.8G DX da AF-S 50mm f/1.8G. Ka sani cewa a kan sensar APS-C, 50mm yana matso da abu kamar 75mm ko 80mm, don haka yana da kyau ga fuska da rabin jiki, amma a ƙaramin ɗaki za ka ja baya har ka jingina da bango mutum uku ba su shiga ba. Na 35mm ya fi sakewa a cikin ɗaki.

Akwai tarko a Nikon da ke cin kuɗin masu farawa. Jerin D3000 da D5000 ba su da injin fokos a jikinsu, a cikin lens yake. Tsohon 50mm f/1.8D ya fi na G araha, zai hau kyamarar ya zauna daram, amma ba zai yi fokos da kansa ba, sai da hannu. Ka nemi mai rubutun AF-S. Masu AF-P kuma suna aiki da D3300 da D5300 idan an sabunta manhajar kyamarar, amma ba sa aiki da D3100 da D3200 da D5100. A DSLR ɗin Canon da na lissafa duk lens mai EF ko EF-S zai yi aiki. In an haɗa maka da 75-300mm a ce kyauta ce, kada ta sa ka ƙara kuɗi: ba shi da IS, hotonsa kuma ba ya fita tas a ƙarshen zum. Na 55-250mm IS STM ya fi shi nesa ba kusa ba, amma wannan sai nan gaba.

Ga yadda nake ganin ya dace ka kasa kuɗin, tunda farashi yana bin canjin dala kuma duk lambar da aka rubuta yau gobe ta tsufa. A kowace naira ɗari, kamar 60 ga kyamara da 18-55mm, 20 ga lens mai f/1.8, 10 ga filasha, 10 ga katin memori biyu da batir na biyu da jaka da robar hura iska. In kuɗin bai kai duka ba, sauka zuwa kyamarar da ta fi tsufa, kada ka yanke na lens. 600D da 50mm f/1.8 za ta ba ka hoton fuska da ya fi na 750D da 18-55mm kaɗai.

Sai gwaji, kuma a nan kada ka ji kunyar mai kaya ko ka bari a gaggauta ka. Ko a Computer Village ta Ikeja ne, ko Banex a Abuja, ko shagunan Kano, ko hannun wani mai hoto, ka je da katin memorinka, da waya mai tocila, in da hali da kwamfuta da wanda ya san kyamara. Ka ware aƙalla rabin awa.

Fara da adadin bugun shota. Shota ƙofa ce mai motsi da ke buɗewa ta rufe a kowane hoto, kuma a irin waɗannan kyamarori an ƙiyasta mata bugu wajen 100,000. Wadda ke ƙasa da 30,000 tana da sauran rai sosai. Wadda ta haura 70,000 sai an yi maka ragi mai yawa, don canjin shota zai iya cin kusan rabin kuɗin kyamarar. Nikon da Sony suna rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto, ka ɗauki hoto ɗaya ka ɗora shi a shafukan intanet da ke karantawa. Canon sai an jona ta da kwamfuta ta USB da manhaja ta musamman. Lambar da ke jikin sunan fayil ba ita ba ce, wannan ana iya mayar da ita sifili.

Sannan sensa. Juya maɓallin zaɓen yanayi da ke saman kyamarar zuwa Av a Canon ko A a Nikon, sa f/22 da ISO 100 (ISO shi ne ma'aunin ƙarfin jin haske na sensa), ka ɗauki farin bango ko farar takarda ba tare da fokos ya kama ba. Buɗe hoton ka faɗaɗa shi. 'Yan ɗige-ɗige masu duhu ƙura ce, ana sharewa, ba abin fasa ciniki ba ne. Dogon layi siriri kuwa karce ne, alamar wani ya goge sensar da abin da bai dace ba, wannan ka bar musu kayansu. Bayan haka rufe lens da murfinsa, koma M, yanayin saiti da hannu, sa shota a daƙiƙa biyu, ka ɗauka. Hoton ya fito baƙi ƙirin. Ɗigo ja ko shuɗi ɗaya ko biyu ba komai, amma in sun yi yawa ko sun yi layi, sensar ta gaji.

Cire lens ɗin ka haska tocila ta bayansa kana leƙawa ta gaba. Ƙura kaɗan a ciki kowane lens yana da ita, ba ta fitowa a hoto. Abin tsoro shi ne fumfuna, wadda ke kama da saƙar gizo-gizo ko saiwa fara-fara a jikin gilashin, da kuma hazo mai kama da tururi. Kayan da suka daɗe a wuri mai danshi, kamar garuruwan bakin teku, sun fi kamuwa da ita, kuma tana cin rufin gilashin har ta bar tabo ko an wanke. Murɗa zoben zum daga farko zuwa ƙarshe, kada ya cije ko ya yi ƙarar yashi. Mayar da shi, ka gwada fokos a kan abu na kusa da na nesa sau goma. Ɗauki rubutun jarida da ƙofa a buɗe duka, ka tabbatar layin da ka saita a kai shi ne ya fi fitowa, ba na gabansa ko na bayansa ba. Danne maɓallin ɗauka a yanayin ɗaukar hotuna a jere ka saurari sautin, ya zama iri ɗaya ba tangarɗa. In Canon ta nuna Err 01, matsalar sadarwa ce tsakanin lens da kyamara, wani lokaci datti ne a ƙarafan mahaɗi, wani lokaci wayar cikin lens ce ta tsinke. Err 02 na katin memori ne.

Buɗe gidan batir ka duba ko akwai kore-kore ko fari-fari a ƙarafan, alamar ruwa ya taɓa shiga. Duba kan kusoshin jikinta, in sun ci sun goge to an sha buɗe ta. Taɓa kowane maɓalli, ɗaga ƙaramar filashar kanta, ɗauki bidiyon minti biyar ka saurari sautinsa. A ƙarshe ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar siriyal ta kyamara da ta lens, da yarjejeniyar kwana uku zuwa bakwai na mayarwa in aibi ya bayyana. Rasit ɗin kariya ce gare ka idan kayan suka zama na sata. Wanda ya ƙi a yi gwaji ko ya ƙi rubuta lamba, ka yi masa sallama.

Katin memori na jabu ya cika kasuwa, kuma shi ne ke jawo asarar da ba ta gyaruwa: a rubuta gigabait 64 a jiki alhali 8 ne a ciki, kyamara ta yi ta nuna tana ajiyewa, ka dawo gida ka tarar rabin hotunan biki ba sa buɗewa. Saya a wurin da ka amince, ka gwada shi da manhajar H2testw a kwamfuta kafin ka fita aiki da shi. Biyu masu gigabait 32 sun fi ɗaya mai 64, don in ɗaya ya lalace ba duka ka rasa ba. Mai 32 yana ɗaukar hoton RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, wajen dubu ɗaya a kyamara mai megafiksel 24. Nemi mai alamar U3 ko V30 in za ka yi bidiyo. A cikin kyamara za ka riƙa yi masa fomat, ba a kwamfuta ba, kuma sai bayan ka kwafe hotunan a wuri biyu. Batir kuwa ka san lambar naka: LP-E8 na 600D da 700D, LP-E17 na 750D da 200D, EN-EL14a na Nikon ɗin nan. Wanda ya kumbura ka jefar, yana iya maƙalewa a ciki.

Filasha ta ɗorawa ita ce ke raba hoton dare mai kyau da marar kyau. Godox TT600 ko Yongnuo YN560 da hannu ake saita ƙarfinsu, suna da araha, suna cin batir AA huɗu, ka nemi masu caji. Godox TT685 tana auna haske da kanta, amma ka sayi mai harafin kyamararka, C na Canon, N na Nikon. Kada ka haska ta kai tsaye a fuska, tana sa goshi ƙyalli da baƙar inuwa a bango. Ɗaga kanta sama hasken ya bugi farin silin ya sauko a hankali. Kuma kada saurin shota ya wuce 1/200 na daƙiƙa da filasha, in ya wuce za ka ga baƙin shafi a gefen hoton.

Yanayinmu yana da nasa sharuɗɗan. Waɗannan kyamarori an yi su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, bazarar Sakkwato ko Maiduguri kuwa tana haura haka, don haka kada ka bar ta a cikin mota a rufe ko a rana. Da hunturu kada ka sauya lens a fili. Shiga ɗaki, kashe kyamarar, kifa bakinta ƙasa, ka sauya da sauri. Ƙurar gilashi a fara hure ta da robar hura iska kafin a goge da ƙyallen lens, don ƙurar nan yashi ce, gogewa kai tsaye karce ne. Kada ka hura sensa da baki, kada ka taɓa ta da auduga ko gefen riga. Da damina ka sa ƙullin silika mai tsotse danshi a jaka, kuma ka riƙa fito da kayan suna shan iska.

Saiti biyu za ka buƙata tun ranar farko. Na ɗaya, farar shadda da farar babbar riga suna ruɗar ma'aunin hasken kyamara: tana ganin fari ya yi yawa sai ta rage haske, rigar ta koma toka-toka, fuskar ango ta yi duhu. Danna maɓallin da ke da alamar +/- ka ƙara zuwa +0.7 ko +1, ka duba kada aikin zaren rigar ya ɓace, kuma ka ɗauka da RAW don ka samu damar gyara daga baya. Na biyu, wutar Najeriya da Nijar mai bugu 50 ce a daƙiƙa, kyamarar da ta zo daga Amurka kuwa a kan tsarin 60 aka saita ta. In ka ɗauki bidiyo haka a ƙarƙashin fitilun ɗakin taro za ka ga haske yana rawa ko layuka suna gangarowa. Shiga menu ka mayar da tsarin bidiyo daga NTSC zuwa PAL, ka zaɓi firem 25 a daƙiƙa, ka sa shota a 1/50. Ga hoto kuma, da 50mm a hannu kada ka sauka ƙasa da 1/100, masu tafiya 1/250, masu rawa 1/500, in haske bai isa ba ka ɗaga ISO zuwa 1600 ba tare da fargaba ba, D3300 da D5300 ma suna jure 3200.